Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba



Waɗanda sunka kama shirinmu na daren Alhamis sun ji yadda layi ya yi zafi. Magana ɗaya munka yi, ba mu zaci za ta tada ƙura ba. Cewa munka yi duk mai wani buri a ransa, na sana'a ne, na karatu ne, na gini ne, ya kama bakinsa har sai aikin ya tsaya da ƙafarsa. Ba mu rufe baki ba sai ga wani bawan Allah daga Tasawa, ransa a ɓace. Ya ce: "Malam, ku ƴan rediyo da baki kuke ci, da baki kuke sha, yau kuma ku ne za ku ce ma mutane su yi kurum? Wanga ai koya ma yara ɓoye-ɓoye ne da mugun zato. Wanda ya hwaɗi niyyarshi gaban jama'a, kunya ita za ta sa shi cikawa." Kredinsa ya ƙare kafin mu ba shi amsa, lokacin shirin ma ya cika. To ga amsar nan, kuma ba mu janye ko kalma ɗaya ba.

Gaskiyarsa a wuri guda: da baki muke ci. Shi ya sa ma munka san ɓarnar da baki ke yi, don mu ya fara yi ma ita.

Shekara uku ke nan munka yi shela a iska cewa za mu zaga ƙauyuka mu naɗi muryoyin tsofaffi: yadda anka kafa garuruwansu, yunwar da sunka gani da idonsu, fataucin da sunka yi zuwa Kano bisa jakkai. Daren nan waya ba ta huta ba. Wanga ya ce Allah shi yi albarka, wancan ya ce kun fanshe mu, wani har ya laƙaba muna "mai tarihi", sunan kuma ya bi mu har kasuwa. Mun koma gida zuciya fal, kamar wanda ya sauke kaya. Sunan tsofaffi goma sha biyu munka rubuta cikin kaye. Biyu kaɗai munka naɗa. Cikin goman da sunka rage, huɗu sun riga mu gidan gaskiya, har da wata tsohuwa da anka ce babu wanda ya kai ta sanin sunayen rijiyoyin yankinsu da waɗanda sunka gina su. Ba kuɗi ya hana mu ba. Na'urar naɗi tana cikin jaka, babur na da mai. Babu wanda ya yi muna asiri. Abin da ya faru shi ne mun karɓi ladan aikin tun ba mu yi shi ba, kuma kowa ya san irin noman da ɗan ƙwadago ke yi in an biya shi duka tun da safe. Wanda bai sani ba ya tambayi wanda ya taɓa ba tela kuɗin ɗinki cif ana saura wata guda salla.

Ku leƙa kowace fada a Maraɗi ko Damagaram bayan isha'i, za ku tarar da irinmu. Kafin a sauke shayi na biyu an gina gidan kaji mai kaza dubu, an kai albasar Galmi Abijan, an buɗe makarantar koyon kwamfuta. Akwai wani ƙanenmu da munka daɗe muna kallo. Ya raɗa ma kamfaninsa suna, an zana masa tambari mai kyau a salula, ya sa a sitatu, ya rubuta PDG a ƙarƙashin sunansa na Facebook. Abokai sun zuba masa barka, yanzu a unguwa "PDG" ake kiransa, shi ma yana amsawa. Shekara ta biyu ke nan, ko ɗan tsako ɗaya bai saya ba. Kada ku ce malalaci ne, ba malalaci ba ne, kuma ba maƙaryaci ba ne. Da gaske yake son kiwon kajin. Amma ku tambayi kanku: mi yake nema cikin kiwon kaji? Kuɗi, i, amma har da a gan shi a ce wane ya zama mutum. To wanga rabin ya riga ya samu, kyauta, ba tare da ya kwashe kashin kaji ko sau ɗaya ba. Yunwar da za ta tada shi da asuba an riga an kashe ta da romon baka.

Masu binciken halayyar ɗan Adam ma sun gwada abin. Wani malamin jami'a Bajamushe, Peter Gollwitzer, shi da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon wani gwaji a 2009. Sun samu ɗalibai masu matuƙar son zama lauyoyi, kowa ya rubuta niyyarsa ta dagewa ga karatu. Wasu anka karanta abin da sunka rubuta a gabansu, wato sun san an gani, wasu kuwa anka yi kamar ba a duba ba. Da anka ba su aikin shari'a su yi nazari, waɗanda anka ga niyyarsu su sunka riga ajiye alƙalami. A wani gwajin kuma, waɗanda anka san niyyarsu sun fi jin kamar sun riga sun kusa zama lauyoyin. Ba wahayi ba ne, gwaji ne na mutane, kuma a kan ɗalibai kaɗan. Amma mu da munka ji daɗin sunan "mai tarihi" ba mu buƙatar a fassara muna shi.

Sai maganar kunya da ɗan'uwanmu na Tasawa ya kawo, wadda ita ce ƙashin bayan hujjarsa, kuma ita ce muke ji a bakin masu tara matasa a zaure suna koya musu dabarun cin nasara: faɗa ma duniya, sai ka rasa hanyar ja da baya. Mu dai abin da munka gani da idonmu daban ne. Kunya ba ta tura mutum gona, ɗaka take tura shi. Kowace shekara muna ganin yaran da ke shiga konkur, na aikin gwamnati ko na shiga wata makaranta. Wanda ya cika unguwa da zance tun ranar da ya ajiye dosiye, har gwaggo ta fara kiransa kwamanda, ranar da sakamako ya fito babu sunansa sai ya ɓace. Ya bar zuwa fada, ya sake hanyar masallaci, in an tambaye shi ya ce ai an yi cuwa-cuwa ne. Baɗi ba zai sake zama ba, don ba ya iya ɗaukar kunyar karo na biyu. Wanda kuwa daga shi sai mahaifiyarsa sunka sani, in ya faɗi sai ya share hawayensa cikin ɗaki, ya sake buɗe kaye. Faɗuwarsa ba ta zama labari ba, don haka tana da arha, yana iya sake ta sau uku har ya dace. Wanda duk ya taɓa koyon wani abu ya san sai an faɗi ake iyawa. Mi zai sa ka tsawwala ma kanka kuɗin faɗuwa tun ba ka fara ba?

Kuma kunyar nan tana da wata ɓarna da ta fi wannan. Tana ɗaure mutum ga abin da ya kamata ya bari. Ka ce ma duniya butik za ka buɗe, ka shiga lissafi ka gane unguwar ta cika da butik, abin da babu shi ne mai gyaran firiza. Mai hankali sai ya juya. Amma wanda ya riga ya yi shela sai ya ji in ya juya za a ce ya kasa, sai ya zuba ƴan kuɗinsa inda shi kansa ya san ba za su fito ba, don kawai kada a yi masa dariya a fada.

Wani ya rubuto muna bayan shirin ya ce to ƴan kokowa fa, ba ga shi suna kirari ba kafin su kama? Madalla da wanga misali, don namu ne. Tun 1975 da anka fara kokowar takobi a Tawa ake kirari, kuma babu mai son a bari. Amma a ina ɗan kokowa ke kirari? Cikin fili, ya yi ɗamara, abokin karawa na tsaye gabansa, tsakanin maganarsa da hukunci bai fi ƴan mintoci ba. Watannin da ya yi yana gudu cikin rairayi da sanyin asuba babu makaɗi, babu mai kallo. Kirarin da muke faɗa da shi shi ne na mutumin da bai taɓa shiga fili ba, kuma babu ranar da anka sa masa.

Akwai kuma abin da Turawan da ke rubutu kan wanga batu ba su cika sani ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu. A nan, wanda ya ce yana tara kuɗi ya buɗe ƙofa ne. Wata baiwar Allah da ke sana'ar ƙosai ta taɓa ba mu labari: ta shiga adashi na jikka biyu duk mako don ta sayi keken ɗinki. Daɗi ya ɗebe ta, ta faɗa a gidan suna. Kafin kwasarta ta zo, kowa ya san ranar. Ranar da ta kwasa, ɗan yayarta na kwance a likita, ƙanen mijinta na neman cikon kuɗin mota, maƙwabciya na aurar da ɗiya. Cikinsu babu maƙiyinta ko ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya, duk buƙatun gaskiya ne. Ita kuma ba ta iya cewa babu alhali an san akwai. Kuɗin sunka watse cikin kwana huɗu. Zagaye na biyu ba ta faɗa ma kowa ba sai uwar adashi, wadda ta roƙa ta riƙe kuɗin ta kai ta wurin mai keke kai tsaye. Yau tana ɗinki, kuma abin da take taimaka ma dangi da shi duk wata ya fi abin da sunka raba a kwana huɗun nan. Wanda zai kira wanga rowa, ya faɗa muna wace rowa ce ke ƙara ma dangi samu. Manomi ma da ya ware iri ya ɗaure bakin buhu ba ƙin iyalinsa yake ba, ko da kuwa ana cikin bazara hatsi ya yi ƙasa.

Yanzu bari mu juyo kan waɗanda sunka goyi bayanmu, don wasunsu sun fi ba mu tsoro bisa ga mai sukar. Saƙonni sun fi ashirin masu cewa: "Gaskiya ne Malam, mutane ba su da kyau, baki shina kama mutum, maƙiya sun yi yawa." A'a. Ba abin da munka ce ke nan ba, kuma kada a jingina muna shi. Ba mu musun akwai hassada, tana nan tun zamanin ƴaƴan Annabi Adamu. Amma mun gaji da ganin yadda anka mai da ita bargon rufe lalaci. Mutum ya yi shekara yana zance bai ɗaga tsinke ba, ranar da anka tambaye shi sai ya ce an sa masa baki ne. Wane baki? Naka. Wanda ya yi shiru don tsoron mutane zai zauna yana ƙirga maƙiya, yana zargin kishiyar uwa da abokin da sunka tashi tare, yana yawon gidajen masu duba da kuɗin da ya kamata ya zama jari. Shirunsa bai ƙara masa komi ba sai ciwon zuciya. Shirun da muke nufi ba ruwansa da kowa. Tsakaninka da kanka ne: kada ka ɗanɗana yabon sai ka biya kuɗinsa.

Da yawa sun kawo muna ƙissar Annabi Yusufu, yadda mahaifinsa Annabi Yakubu ya hana shi faɗa ma ƴan'uwansa mafarkin da ya yi. Haka ne. Amma ana mance rabin farko na ƙissar: ai ya faɗa ma mahaifin nasa. Bai haɗiye abin shi kaɗai ba, ya kai shi inda ya dace, wurin wanda ya fi shi sani kuma yake son sa da alheri. A nan ne muke ganin ɗan'uwanmu na Tasawa yana da ƴar gaskiya da bai kai ƙarshenta ba. Kunya tana aiki, amma ba kunyar taro ba. Taro ba ya bin bashi: mutum ɗari biyu da sunka sa maka alamar yabo a Facebook, gobe ba wanda zai tuna, balle ya tambaye ka ina aka kwana. Kunyar da ke aiki ita ce ta mutum ɗaya da kake jin nauyinsa. Wasu masu bincike a jami'ar jihar Ohayo ta Amurka sun gano haka kamar shekara goma bayan gwajin Gollwitzer: faɗa ma wanda kake ganin girmansa yana ƙara ma mutum dagewa, faɗa ma wanda ba ka damu da ra'ayinsa ba kuwa ba ya ƙara komi. Mu dama mun san haka a gida. Tsohon mushenka da ya koya maka lissafi, ko maigidan da ka yi koyon sana'a hannunsa, ko kawunka da ba ya dariya: in ka ce masa za ka yi abu, ba barka zai yi maka ba. Cewa zai yi nawa ka tara, wa ka tambaya, yaushe za ka fara. Bayan wata guda kuma ya aiko a kira ka. Irin wanga mutum ɗaya ko biyu sun isa.

Amma fa a yi hattara, don mun san akwai masu jiran su ɗauki maganarmu su yi abin da ba mu ce ba. Buri na kanka shi ne wanda in ya lalace kai kaɗai za ka ji a jikinka. Yaron da ya sayar da babur ɗin gidansu a ɓoye ya kama hanyar Agadas, ya bar uwa tana zaga tasha da hotonsa, ba shirun da muke nufi ya yi ba. Ba mu mance da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da anka tsinci gawar mutum 92, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya. Hanyar da ke iya cin rai ba sirrin mutum ɗaya ba ce. Haka magidancin da zai jinginar da gonar gado, ko ya ci bashi da sunan gida, ko ya ɗauki kuɗin matarsa ya sa cikin wani proje, sannan ya ce ai a rediyo anka ce a riƙa ɓoye buri. Ba da yawunmu ba. Duk wanda zai biya kuɗin faɗuwarka tare da kai, yana da haƙƙin ya sani tun kafin ka fara.

Haka nan masu riƙe da dukiyar jama'a, su ba su cikin wanga rangwame: aikin da za a yi da kuɗin talakawa dole a faɗe shi, a faɗi nawa ne, a faɗi ranar gamawa. Sai dai ko a can cutar tamu ɗaya ce, son biki kafin aiki. Madatsar ruwa ta Kandaji tun shekarun 1970 ake zancenta, an aza tubalin farko a 2008, an sake bikin ƙaddamarwa a 2019, yaran da anka haifa ranar tubalin farko yau sun zama samari. Dalilan jinkirin suna da yawa, ba nan ne wurinsu ba. Mun kawo shi ne kawai don a ga mun iya bikin tubalin farko tun daga sama har ƙasa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne iyayenmu mata sun riga mu sanin duk wannan. Mace za ta yi wata huɗu, wata biyar da juna biyu ba ta ce ma kowa uffan ba sai wadda ta zama dole. Tana daka, tana ɗiban ruwa, tana kula da kanta, har ranar da abin zai faɗi kansa. Ba a yin suna sai an haihu. Mu ƴan zamani mu ne munka juya abin: a raɗa suna, a yanka rago, a ci a watse, sannan a fara tunanin inda za a samo jaririn.

Wani zai ce to ku yanzu mi kuke ciki game da tsofaffi shida da sunka rage? Tambaya ce mai kyau, kuma mutum ɗaya ne ke da amsarta bayan mu, wani dattijo da ba ya sauraren rediyo, ba ya kuma yaba ma kowa. Ku kuwa sai dai ku yi haƙuri.

Ɗan'uwanmu na Tasawa, ranar Alhamis bayan labarun ƙarfe takwas layi naka ne kafin na kowa, ka zo da hujjarka, wanga karo mu za mu kira ka don kada kredi ya sake raba mu. Sauran masu saurare kuma muna da roƙo ɗaya: a shirin nan ba za mu ɗauki kiran "ina da niyyar" ba. Wanda ya gama wani abu cikin shekarar nan, ko ɗaki ɗaya ne ya rufe, ko BEPC ce ya samu a zama na uku, ko tunkiya biyu ce ta zama biyar, shi muke son ji, ya faɗa muna ranar da ya fara da wanda ya sani. Lambar ba ta sake ba.